Bokitin da Ya Ƙi Tashi

Ɗana na fari ya yi Sallah biyu bai zo gida ba. Ƙaramar Sallah ya ce aiki ya riƙe shi, babbar kuma ya ce bai samu wuri a jirgi ba. Daga Lyon, inda yake, zuwa Paris, inda muke, awa biyu ce a jirgin ƙasa, kuma jirage na tashi tun safe har yamma. Babansa kuwa ya dawo daga aikin dare a kasuwar Rungis da hantsi, ya ci abinci, ya kwanta, kamar kullum. Ni ce abin ya tsaya wa a rai.

Ƙanwarsa ce ta faɗa mini gaskiya, wata rana muna gyaran alayyafo a kizin ɗinmu na unguwar Stains, gefen Paris. Ta ce yayanta ya ce bai ga abin da zai zo yi ba. Ko ya zo ba na kallon idonsa, ba na kiran sunansa, sai dai in tura masa kwano in ce ya ci. Ya ce ƙannensa nake so, shi kuwa haƙuri kawai nake yi da shi. Ta faɗi wannan tana kallon ganye, ba ta kalle ni ba.

A wurinmu, can ƙasar Maradi, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa. Kunya ce, kuma kowa ya san ba ƙi ba ne. Sai dai shi yana da shekara goma muka biyo babansa zuwa nan, lokacin kuɗin euro bai daɗe da shigowa ba. Ya tashi cikin yaran da uwayensu ke sumbatarsu a ƙofar lekol, makarantar boko. Ban taɓa tunanin wannan abu ne da sai an yi wa yaro bayaninsa ba. Ranar na gane idan na ci gaba da zama ina jira, ɗan nan zai tafi gaba ɗaya, ba faɗa, ba sallama.

Na ce wa ƙanwarsa ta saya mini tikiti. Ta rubuta mini lambar tarago da ta kujera a takarda da manyan baƙaƙe. Na yi yaji, na yi dambun nama, na je kasuwar Goutte d'Or na sayo kuka da daddawa. Ranar Juma'a na tafi, ni kaɗai, cikin sanyin ƙarshen shekara.

Ya tarbe ni a tasha. Ya rame kaɗan, ya bar gemu. Ya karɓi jakata, muka gaisa, na tambaye shi aiki, ya ce lafiya lau, ya tambaye ni babansa, na ce lafiya lau. Daga nan maganarmu ta ƙare. Gidansa yana kan tudu, hawa na biyar, babu asansar, sai dai a taka matakala. Na tsaya sau biyu ina hutawa, shi kuma yana jirana a sama, bai san ko ya miƙo mini hannu ba ko a'a.

Yana buɗe ƙofa na ji warin. Ya bar tagogi a buɗe duk da sanyin, ya kunna turare, amma warin yana nan a ƙarƙashi: hatsin da aka tsirar, aka dafa, zaƙi-zaƙi da ɗan ɗaci. Rabona da warin nan ya fi shekara talatin. Na cire takalmina, na shiga.

Na dafa masa tuwo da miyar kuka. Ya ci sosai, har ya ƙara. Amma cikin yammar nan sau uku yana tashi zuwa wani ɗan ɗakin ajiya da ke kusa da ƙofar shigowa. Sau ɗaya ya ce caja yake nema, sau ɗaya ya ce bargo zai ɗauko mini. Zai shiga, ya ja ƙofa, ya fito da fuska a ɗaure. Na ukun ko dalili bai kawo ba.

Da safe ya fita sayen burodi. Na buɗe firigo zan sa sauran miya, sai na ga wata 'yar kwalba a jikin ƙofa, tsawon yatsa, da wani farin abu kwance a gindinta da ruwa-ruwa a sama. Na ɗauka na karanta rubutun a hankali, baƙi bayan baƙi, yadda aka koya mana a makarantar manya. Kalma ɗaya na sani a ciki, don tana jikin ledar yis ɗin da nake saya in yi fanke. Yis ne ke nan, amma na ruwa. Na mayar da ita. Sannan na je neman tsintsiya, kuma gaskiya tsintsiyar nake nema, sai dai na san inda zan same ta.

A ɗan ɗakin ajiyar na ga abin: farin bokiti ne babba da murfi, ajiye a ƙasa jikin bangon waje. A tsakiyar murfin akwai wani ɗan lanƙwasasshen bututu da ruwa a cikinsa. Ruwan a tsaye yake cik. Na sa tafin hannuna a jikin bokitin, na ji shi kamar randa da asuba.

Innata giya take dafawa. Wannan ita ce maganar da ban taɓa faɗa wa ɗiyana ba, ko ɗaya cikinsu. Mutanen ƙauyenmu a lokacin ba su shiga Musulunci ba tukuna, ko kuwa sun shiga da ƙafa ɗaya. Idan za a yi gayya a gona, ko biki, ko an yi rasuwa, wurin Inna ake zuwa. Ta jiƙa dawa, ta shimfiɗa ta a inuwa ta rufe da ganye har ta tsiro, ta shanya, ta niƙa, ta dafa a manyan tukwane kwana biyu. Da wannan ta yi mana sutura. Ina da kamar shekara goma sha biyu Baba ya fara sallah, ita ma ta bi shi, ta kife tukwanen. Amma sunan bai bar mu ba. Da aka kai ni gidan miji a birni, wata gwaggonsa ta taɓa cewa a bar ɗiyar mai giya ta dama kunu, hannunsu ya iya tsami. Aka yi dariya, ni ma na yi. Daga ranar ban sake ambaton sana'ar Inna ba. Mijina ya sani, bai taɓa tayar da zancen ba, Allah ya saka masa.

Abin da Inna ta fi tattali a duk gidan shi ne wani ɗan gora. Idan giya ta nuna an kwashe, abin da ya kwanta a gindin tukunya ba ta zubar da shi. Ta ɗebe shi ta zuba a goran, ta toshe, ta binne shi rabi cikin jiƙaƙƙen yashi a ƙarƙashin randa. Iri take ce masa. Kuma ba ta taɓa ɗauko shi daga sanyin nan ta juye kai tsaye cikin babbar tukunya ba. Kwana guda kafin nan za ta fito da shi, ta ba shi ludayi biyu na ruwan tsiron da ya huce, ta ajiye shi gefen murhu inda ɗumi ke kaiwa amma wuta ba ta kaiwa. Sai ya yi kumfa ya fara motsi, sannan ya shiga tukunya.

Na tsaya a ɗan ɗakin nan da tsintsiya a hannu. Na san abin da malamai suka ce game da giya, da mai yin ta, da mai taimaka masa. Ban manta ba, kuma ban ce sun yi kuskure ba. Na kuma san idan na rufe ƙofar nan na yi kamar ban gani ba, gobe zan koma Paris, shi ya ci gaba da ɓoyonsa, ni in ci gaba da shiruna, kuma zuwan nawa ya tashi a banza. Ban san wata hanyar shiga wurinsa ba. Wannan ce kaɗai na ga a buɗe.

Ya dawo da burodi a hammata. Na bari ya cire riga, ya ɗora ruwan shayi.

Na ce, "Abin nan naka sanyi yake ji."

"Wane abu, Mama?"

"Bokitin."

Ya tsaya da kofi a hannu. Ya fara cewa na wani abokinsa ne, ajiya ya kawo, sannan ya ce gwaji ne na wurin aiki, Hausar tana tsere masa yana cike ta da Faransanci. Na bar shi ya gama.

Na ce, "Giya ce. Na san warinta tun ban kai tsawon tukunya ba. Zauna, shayinka zai huce."

Ya zauna. Na gaya masa ba na son wannan abu, ba zan yi masa ƙarya ba, kuma da zai bari da na ji daɗi. Amma ba don wannan na hau jirgi ba. Sannan na tambaye shi kwana nawa da ya zuba yis ɗin.

Da ya fara amsawa kuwa, sai maganar ta ɓalle. Ban taɓa jin ya yi magana mai tsawo haka ba tun yana ƙarami. Ya ce shekara biyu ke nan yana yi, shi da wasu abokai da suke haɗuwa kowane wata, kowa ya kawo tasa a ɗanɗana. Da can yis na gari yake sawa, mai zuwa a 'yar leda. Shi wannan ba ruwansa, ka yage ka barbaɗa a sama, kafin gari ya waye bututun ya fara ɓul-ɓul. Abokan suka dame shi cewa na ruwa ya fi ba da ƙamshi, kuma iri-iri ne, kowane da halinsa. Sai ya yi odar kwalba biyu, aka aiko masa ta gidan waya cikin kwali da ƙanƙara. Ranar Laraba ya dafa, ya huce, ya ɗauko kwalba ɗaya daga firigo ya juye. Da ya ji zan zo, ya ɗauke bokitin daga falo ya kai ɗakin ajiya. Yau kwana uku, ko motsi. Yana tsoron yis ɗin ya mutu a hanya, kuma idan ruwan ya daɗe a haka wasu ƙwayoyi za su riga shi shiga, komai ya lalace. Ya ce yana tunanin ko dai ya barbaɗa na garin a kai, ko ya zubar gaba ɗaya.

Na ce yis ɗin bai mutu ba, barci yake. An ɗauko shi daga sanyi, an jefa shi cikin ruwa mai yawa da yunwa a cikinsa, an kuma mayar da shi cikin wani sanyin. Ko mutum ne aka yi wa haka ba zai tashi ya kama aiki ba. Na ce ya fito da kwalba ta biyu ya sa a aljihun wandonsa. Na tambaye shi ko yana da sauran tsiro. Ya ce yana da garinsa a leda. Na ce ya dafa kaɗan, kamar kofi uku, ya bar shi ya huce.

"Mama, ina kika san wannan?"

"Dafa tukuna."

Ni ban taɓa komai da hannuna ba. Wannan iyakar na sa wa kaina, ko tana da amfani a wurin Allah ko ba ta da shi, ban sani ba. Na zauna a kujera ina faɗa, yana yi. Mun ɗan yi gardama a kan hucewar. Na ce ya tsoma ɗan yatsa ya ji. Ya zaro ido, ya ce ba a sa hannu, komai sai an wanke shi da magani, har cokali. Ya fito da wani ma'aunin zafi mai lambobi. Na ce to ya ɗiga mini a bayan hannu da cokalin nasa mai tsarki. Ya ɗiga, na ce da saura. Ya duba na'urarsa, ya ce da saura. Bayan ɗan lokaci ya sake ɗigawa, na ce ya yi. Ya duba, ya yi dariya, ya ce zai mayar musu da na'urarsu.

Ya zuba a kwalbar gilashi, ya juye yis ɗin da ya ɗumama a aljihu, ya rufe bakin da takardar azurfa. Zai ɗora a kan shofaj, ƙarfen da ke ɗumama ɗakin, na ce a'a, gefe, a ƙasa, kuma ya naɗe ta da tawul. Sannan na ce ya fito da bokitin falo. Ya ce ai a falon nake sallah. Na ce zan koma ɗakin kwana da dardumata, gidan ba ɗaki ɗaya ba ne. Ya ɗauko shi da kyar, ya ajiye kusa da teburi, muka zauna mu uku, ni da shi da bokitin.

Babu abin yi sai jira, sai na ba shi labarin Inna. Na gaya masa tukwanen, da ganyen da take rufe dawa da shi, da yadda maza ke dawowa daga gayya su zauna ƙarƙashin gawo ana zagayawa da ƙwarya. Na gaya masa maganar gwaggon babansa. Ya tambaye ni me ya sa ban taɓa faɗa ba. Na ce kunya nake ji, amma ba irin kunyar kirki ba. Ya yi ta tambaya: dawa ja ce ko fara, kwana nawa take tsirowa, ana tacewa ko ba a tacewa. Wasu na tuna, wasu sun tafi. Ya ɗauko littafi yana rubutawa. Ya ce abokansa na sayen littattafai daga ƙasashe don su koyi abin da kakarsa ke yi da gora da yashi.

Da azahar ta wuce na gaya masa ni ma 'yar fari ce. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba har ta rasu. Ba ta taɓa ɗora ni a cinya a gaban mutane ba. Ƙannena take wa wasa, ni sai aike. Amma goran nan, duk gidan ni kaɗai ta yarda in taɓa shi. Idan ta ce, ke, ɗauko, to ni ce. Na ce ban taɓa shakkar inda nake a ranta ba, don duk 'yan farin ƙauyen haka uwayensu ke yi da su.

Sai ya ce, "To amma ni ban tashi a ƙauyen ba, Mama. Ba wanda ya gaya mini."

Na ce, "Gaskiyarka. Laifina ne wannan."

Ya tashi ya girgiza kwalbar a hankali, ya mayar. Da la'asar ya ce mu fita in ga gari. Ya kai ni bakin kogi, ya nuna mini inda yake aiki daga nesa, ya saya mini gasasshiyar gujiyar Turawa mai kama da ƙwallon goriba, tana ƙona hannu. Wajen hawa bene ya miƙo hannu, na kama.

Lahadi da safe na fito daga ɗaki na same shi durƙushe gefen shofaj. Ya buɗe tawul ɗin. Kumfa ta taru a sama kamar kaurin yatsa, ƙananan ƙwayoyi suna tasowa daga ƙasa. Ya so ya juye nan take, na ce ya bari sai hantsi ya yi sosai, ya ƙara ƙarfi. Ya haƙura. Wajen sha ɗaya ya wanke hannu da maganinsa, ya buɗe murfin, ya juye, ya rufe. Na ce ya kama bokitin ya juya shi a hankali sau biyu uku, don wanda ya kwanta a ƙasa tun Laraba shi ma ya ji an zo. Jirgina na ƙarfe biyu ne. Har muka fita ruwan bututun bai motsa ba.

A jirgi na yi ta istigfari, na kuma yi ta tunanin ko ruwan ya riga ya lalace kafin mu kai gare shi. Biyun suna raina tare, ban iya raba su ba, kuma har yau ban iya ba. Da na iso gida babansa ya tambaye ni yadda na same shi. Na ce lafiya lau, ya rame kaɗan, ya ci tuwo. Sauran ban faɗa ba. Na ga ba nawa ba ne in faɗa.

Litinin da rana ina wanke shinkafa salula ta yi ƙara. Da can idan ya kira, ƙanwarsa yake kira, ita ta miƙo mini mu gaisa a tsaye. Wannan karon tawa ce ta yi ƙara. Ya ce tun safe bututun ke ɓul-ɓul, har ya makara zuwa aiki don ya tsaya kallo. Na ce madalla, kada ya buɗe murfin, kuma idan ya kwashe kada ya zubar da na gindin. Na ɗauka shi ke nan zai yi sallama. Sai ya tambaye ni me nake dafawa. Na gaya masa. Ya tambaye ni yadda ake kaɗa miyar kuka ba ta yi gudaji ba, don ya gwada jiya da wadda na bar masa ta zama kamar siminti. Na kashe famfo, na jawo kujera na zauna, na fara masa daga farko.

Muna cikin haka babansa ya fito daga ɗaki, idonsa da sauran barci, ya tambaye ni da wa nake ta magana tun ɗazu. Na ce ɗansa ne. Ya tsaya a bakin ƙofa. Na ce wa na Lyon ga babansa, sai na ji ya ce in ba shi. Na miƙa wayar, na koma kan shinkafata. Ina jinsu suna gaisawa, gaisuwa mai tsawo irin ta gida, aiki da sanyi da gajiya, ɗan yana tuntuɓe a kan amsoshin, uban yana jiransa.